Abin Da Gara Ta Gaya Wa Baba Bulus

Jama'a, Allah ne shaidata, wannan abu a gabana ya faru, shekarun baya ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, muna haya a wani tsohon gida, ni da matata Rifkatu da jaririyarmu 'yar wata uku.

Gara ce ta addabe mu, ta cinye ƙofar bayi, ta shiga littattafaina, sai wani dattijon cocinmu ya haɗa ni da wani mai feshi daga Zonkwa, Baba Bulus. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a kan tsohon babur, tankin feshi ɗaure a baya, ɗan tsamurarren tsoho mai fara'a. Ko tankin bai sauke ba, ya kara kunne a bangon waje ya rufe ido, ni kuwa na ce a raina to, an haɗa ni da mai taɓin hankali.

Can sai ya ɗago, fara'ar nan ta gushe.

"Ticha, yarinya da ke barci a ɗakin baya, je ka ɗauko shi yanzu."

Ku ji fa, bai shiga gidan ba, kuma ba wanda ya gaya masa muna da 'ya. Ni na tsaya tambaya, Rifkatu ce ta ruga ta sungumo ta. Wallahi ba ta gama fitowa tsakar gida ba muka ji rugum! Katakon rufi da silin sun rufto kan gadon, cikin katakon nan duk ƙasa, kai!

Rifkatu ta durƙusa tana kuka tana masa godiya, ya ce, "Tashi 'yata, gode ma Yesu."

Mutumin nan ya yi aikinsa tsaf har la'asar, lungu-lungu, amma gindin bangon nan ya ƙi fesawa. Da na raka shi bakin hanya na ce, "Baba, don Allah yaya aka yi ka sani?"

"Su gara ne sun gaya mani," in ji shi, yana ɗaure tanki. "Sun ce tun jiya suna riƙe da katakon, sun gaji."

Ya tada babur ya tafi. Shekara huɗu muka ƙara a gidan, ko gara ɗaya ban sake gani ba.

Ni dai shawarata, in tsohon da ya san aikinsa ya ce ku tashi, ku tashi tukuna, tambaya ta biyo baya.