Baba Tsani da Wayar da Ya Ƙi Yankewa

Kafin masu shago su gama share ƙofa, za ka hango shi tafe, tsani a kafaɗa, da jakar kayan aikin da ta ga jiya ta ga yau. Sunansa na yanka ya ɓace mana tuntuni, Baba Tsani kowa ke ce masa. Shi ke kula da layin intanet guda ɗaya da shagunan gininmu ke rabawa. Yanzu gwiwa ta ce ya isa haka, zai ajiye tsanin, ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ka kira shi hankalinka a tashe, ba zai taɓa komai ba sai ya tambaya: "Wane baƙon abu ya shigo ginin nan?" Mukan ce tsufa ne.

Wata shekara intanet ɗin ya haukace. Wayarka ta nuna ta kama, amma ko gaisuwa ba ta fita, ta maƙwabcinka kuwa tana gudu. Gobe abin ya juya. Da aka rasa wanda za a rataya wa jakar tsaba, sai aka ga Mai Ɗinki, sabuwar shigowa, wadda duk masu ba ta aiki ta waya suke nemanta, da shi take ciyar da 'ya'yanta. Mai Kemis ya ce ita ke shanye layin da kallon bidiyon ɗinki. Mai ginin ya kira Baba ya ce a yanke wayar da ke kai mata intanet.

"Alhaji, ban yanke wayar da ban kama da laifi ba," in ji Baba. "Ku miƙo wayoyinku na hannu."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mana duk wayar da ta shigo layi, rautar ginin, wato na'urar da ke raba mana intanet, ke ba ta lamba, kamar lambar gida, don saƙo ya san inda zai sauka. To ga lambobi iri biyu. "Masu rabo biyu ne a ginin nan. Ɗaya na ba da ta gaske, ɗaya na ba da wadda ba ta kai ko'ina. Wanda ya riga amsa maka, shi ka samu."

Ya kafa tsani ya bi wayar layin don gano mai rabo na biyun, mu kuma muna biye kamar kaji. Ta wuce shagon Mai Ɗinki ko waiwaye babu. Ta wuce na Mai Kemis. Ba ta tsaya ba sai bayan kabad a ofishin mai ginin, inda wata ƙaramar rauta ke ƙyafta fitila. Ɗansa ne ya ba shi, shi kuma ya jona don ƙara mana ƙarfi. Laifi tudu ne!

Baba ya hana ta rabon lamba, ya bar ta tana faɗaɗa sabis kawai. Nan take wayoyi suka ɗauki ƙara, saƙonni na ta zubowa. Ya juya a hankali: "Alhaji, gyara nawa ne, na gama. Saura naka." Mai ginin ya taka har shagon matar nan ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Ta yi kuka, ni ma idona ya cika, ban ɓoye ba.

Baba Tsani, kai ne mai bin waya har gindinta. Kai ne ka tsaya wa wadda ba ta da mai tsaya mata. Matashin kafaɗar da ta ɗinka maka don tsanin ya koɗe, amma shagonta na nan, keke biyu yanzu ke kuka a ciki.

Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka huta da daɗi. Ku kuma masu ɗaukar tsani bayansa, in an miƙo muku almakashi, ku fara tambayar baƙon da ya shigo.