Bokitin Bututun Umma

Mahaifiyata ba ta taɓa sayen mazubi ba, kuma in ka ji ta bakinta, har ta koma ga Allah ba za ta saya ba. Ni ce 'yarta ta fari, ni na fi kowa shan kunya a kan wannan taurin kai nata, don haka ni ya kamata in ba da labarin.

Shekara talatin Umma tana ɗinki. Da zura zare a allura ya fara gagarar idonta, muka ce to, lokacin hutu ya yi. Hutu? Ba ku san Umma ba. Ƙaninta kafinta ne, yana da wani tsohon ƙaramin injin sassaƙa mai juya katako. Ta je ta kinkimo shi, ta ce ai tsatsa kawai yake ci a can. Sai ta ga wata mata a waya tana yin alƙalami da rezin, wannan ruwan mai kaurin zuma da warin tsiya, wanda in an haɗa shi da maganinsa yake daskarewa kamar gilashi. Ana zuba shi a mazubi ya fito 'yar gajeriyar sanda, a huda tsakiyarta, a ɗora a inji a sassaƙe har ta zama jikin alƙalami.

Mazubin masu sana'ar na roba ne mai laushi, ɗan waje. Umma ta ji farashinsa ta ja tsaki, ta ce duk abin da zai riƙe ruwa ai mazubi ne. Ta fara da robar ƙanƙarar firij. Ashe rezin zafi yake ɗauka in zai daskare, robar ta lanƙwashe ta manne, muka yi sati ba ƙanƙara. Ta gwada kwalin man goge baki, ya yoye a teburin kicin. Har yau akwai cokali ɗaya manne a gefen teburin, ba wanda ya iya ɓamɓare shi.

Daga nan ta tuna da buhun Baba. Mahaifinmu mai gyaran famfo ne, ya rasu ya bar buhu guda na guntayen farin bututu a bayan ƙofa, kowanne da alamar fensirinsa a jiki. Ta yanka su tsawon taƙi, ta shafe cikinsu da man shafawa, ta toshe gindin da murfin kwalba, ta jefa ragowar zaren ɗinkinta kala-kala, ta zuba. Sandar ta zame ta fito sumul.

Saura kumfa. Iska na maƙalewa a cikin rezin, in ba a fitar da ita ba alƙalamin sai ya tsage a hannun mai shi. Umma ta ɗaure bututan a jikin keken ɗinkinta da igiyar roba, ta zauna tana taka keken ba zare ba ƙyalle har minti goma sha biyar, jijjigar na koro kumfar sama. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga haka, ta ja ni gefe ta ce, "Anya ba za ku kai ta asibiti ba?"

Abu ɗaya Umma take so a duniya: tebur a baje kolin da ƙungiyar masu sana'ar hannu ke yi sau ɗaya a shekara. Ta ce shekara talatin kaya na fita daga hannunta ana yaba wa masu sakawa, yanzu tana so ta zauna a bayan aikinta a gan ta. Amma dokar ƙungiya sai ka kai kayan aikinka an duba. Na san abin da za su ce in suka ga bututun famfo, sai na sayo mata mazubin nan ɗan waje. Ta sa mini albarka, ta zuba maɓallai a ciki.

Ranar dubawa na juye maɓallan a ɓoye, na cusa mazubin a jakata. Umma ta ɗauki bokitinta cike da bututu, ni kuwa na bi ta a baya nesa-nesa kamar ban san ta ba. Eh, na ji kunyarta. Ba zan ɓoye ba.

Shugaban ƙungiyar dattijo ne mai ƙwanƙwasa tebur da zobe in yana magana, shi ma alƙalami yake yi. Ya juya alƙaluman Umma a hannu ya gyaɗa kai, ya tambayi mazubi. Caraf na fito da nawa na ajiye.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Da shi take yi."

Umma ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗaga bokitin ta dire a kan takardunsa.

"Ƙarya take yi, ranka ya daɗe. Wancan na maɓallai ne. Ga mazubina."

Aka tuntsire da dariya. Wani daga baya ya ce, "Sannu, Mai Bututu!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugaba ya haɗe rai. "Hajiya, wannan kayan famfo ne. Duk abin da aka zuba a nan kumfa ce cike da shi. Ba za mu zubar da mutuncin ƙungiya ba."

"Akwai zarto a nan?" in ji Umma. "A kawo. A yanka sandata guda, a yanka taka guda, kowa ya gani."

Da idon jama'a a kansa, ba yadda zai yi. Aka yanka tata: tas, sai jan zare kwance a ciki. Aka yanka tasa: ƙananan ramuka birjik kamar soso. Na ce a raina shi ke nan, mun samu tebur.

Ya ƙwanƙwasa zoben nan ya ce, "Doka doka ce. Ki sa hannu cewa za ki koma mazubin da 'yarki ta kawo, yau ki sami tebur."

"Umma, don Allah ki sa," na raɗa mata. "Kin dawo gida ki yi yadda kika ga dama, wa zai sani?"

"Ni zan sani," ta ce. "In zauna a bayan aikina ina ƙarya a kansa? Bututun ubanki ya kai ruwa gidajen mutane shekara arba'in ba wanda ya ce ya zubar masa da mutunci. Ku riƙe teburinku."

Ta ɗauki bokitinta ta fita. Ba su ba ta teburin ba, har yau kuma ba su ba ta ba. Na yi kwana uku ba na mata magana, ita kuwa ko a jikinta.

Ranar baje kolin da safe na tarar ta sa ƙaninta ya ɗora keken ɗinkin a baro. Bakin titi ta nufa, daidai ƙofar zauren da ake baje kolin, inda dokar ƙungiya ba ta kai ba. Hannunta ɗaya da kujera, ɗaya da jakar alƙaluma, bokitin na ƙasa ba mai ɗauka. Ba ta ce in ɗauka ba. Na tsaya ina kallon alamar fensirin Baba a jikin bututun da ke sama, sai hawaye ya zo mini, haushin kaina ya kama ni. Na sunkuya na ɗauka.

Ta kafa keken, ta zuba rezin a gaban kowa, ta ɗaure, ta hau takawa ba zare ba ƙyalle. Kafin a jima masu shiga zauren sun tare hanya suna leƙe. Wata mata ta matso kusa da ni, ta ce ta ji ana zancen wata Mai Bututu, ko na san wace ce?

Na ɗaga bokitin sama yadda har na cikin zauren za su hango.

"Ga ta nan," na ce. "Uwata ce."