Shirun Auta

Lokacin da nake koyar da Hausa a wata sakandare a Tudun Fulani, mun karanta tatsuniyar kurar da ta zo ƙofa tana kwaikwayon muryar uwa. Yaran gidan suka amsa, ta cinye su, sai autansu da ya yi shiru. Na tambayi ajin me ya hana shi amsawa.

Wata ɗaliba da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu a wajen Kuta ta ce, "Malam, tsoro ne. Murya ba ta fitowa."

Ta fi ni gane labarin. Amma masu jarrabawa wayo suke so a rubuta, ni kuwa ba kunya na ce mata ta rubuta wayo. Ta rubuta, ta ci. Ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba.