Hajo Mai Man Kaɗe da Kwalbar Gilisarin

Duk wanda ya san Bakori ya san yayata Hajo mai man kaɗe. Shekara talatin tana dakan ƙwarar kaɗanya, kuma tun muna yara ba ta yarda da abin da ba a gabanta aka yi shi ba. Ko kunu ka miƙa mata sai ta shinshina.

Jikarta Kausar 'yar aji uku ce a firamare, mai busasshiyar fata, ƙafafu fari fat kamar ta shiga toka. Uwarta Raudatu, matar ɗan Hajo, ta sayo gilisarin a Funtuwa, wani mai garai-garai kamar ruwa, tana shafa mata kafin makaranta. Hajo kuma da yamma ta bi da nata man.

Sati bai cika ba ƙuraje suka feso wa yarinyar, ga ƙaiƙayi, har ta daina zuwa makaranta. Hajo ta ɗauki kwalbar, ta dangwala ta lasa.

"Ji min! Mai da zaƙi? Raudatu, bilicin kike wa jikata!"

"Wallahi Inna, ba bilicin ba ne."

Ina! Ta ƙwace kwalbar, ta koma laɓta wa Kausar man kaɗe sau uku a rana. Ni ma, Allah ya yafe min, na taya ta harara. Amma ƙurajen sai gaba suke, har sun fara ruwa.

Muka ɗunguma asibiti a Malumfashi, Hajo riƙe da kwalbar kamar ta kama ɓarawo. Wata nas mai suna Rahab ta duba ta ce gilisarin bai cika cutar da yara ba, a dai sirka shi, kada a sa a kan ciwo. Sannan ta tambaya, "Me kuma kuke shafa mata?"

Hajo ta zaro nata daga jaka, tana hura hanci. Nas ba ta kalli man ba, mazubin ta juya: gindin jarka da aka yanke, da sauran takarda manne a jiki.

"Mama, wannan ai jarkar maganin feshin masara ce."

"Sau uku na wanke ta da toka!" in ji Hajo. Ashe ƙwaryar da take zuba man ce ta fashe, ta samu jarkar a bayan rumbu, ta juye man a ciki da zafinsa.

Nas ta girgiza kai, ta ce wanki ba ya fitar da gubar, ita ta jawo ƙurajen. Wallahi ranar yayata ta ba ni tausayi.

Kausar ta warke ta koma aji. Hajo da kanta ta binne man, ta sayi sabuwar ƙwarya. Jiya yarinyar ta fito wanka, ta miƙa mata ƙafa ta ce, "Kaka, shafa min."

Hajo ta daɗe tana kallon hannunta. Can ta ɗaga murya: "Raudatu, zo ki shafa wa 'yarki."