Koren Ruwan Toktosun

Toktosun mutum ne da bai iya zama ba. Ko shayi aka zuba masa, a tsaye yake kurɓa, idonsa na ƙofa. Shi ke kula da tukunyar ɗumama dogon benenmu a garin Narin mai tsananin sanyi, tun gashinsa na baƙi har ya yi furfura. Ruwan da tukunyar ke dafawa zagaye yake yi cikin bututu, ya bi ƙarafan ɗumi na kowane ɗaki, ya dawo. Ruwa ɗaya ne, ba ya fita. Farkon sanyi Toktosun kan zuba masa maganin tsatsa, yana cewa, "Tsohon ruwa abokin ƙarfe ne. Sabo shi ke zuwa da iska, iska ke haifar tsatsa."

To, wata shekara, ƙanƙara ta riga ta toshe hanyar dutse, sai ruwa ya fara raguwa. Ya cika da safe, kafin la'asar allurar ma'auni ta sunkuya. Ya sake cikawa. Kowane ciko tsinka maganin yake yi, ga shi saura rabin jarka, wani kuma ba zai iso ba sai hanya ta buɗe. Ran da ya ɗebo ruwan a kwalba ya ga ya soma ja, abinci ya fita ransa. In babban bututu ya huje a tsakiyar sanyin Narin, ruwan gidan duka daskarewa zai yi, ƙarafa su fashe, ga jarirai ga tsofaffi.

Ya bi ƙasan bene da tocila, babu yoyo. Ashe ke nan wani ya ɗaura famfo a ƙarfen ɗakinsa, yana tatsar ruwan zafi. Ya shiga hawa da sauka, ƙofa ƙofa. Ya fara da maƙwabcinsa, abokin wasansa.

"Esengul, kai ne ko? Kwana biyu na ga kana ƙyalli."

"Ni? Tambayi matata yaushe rabona da wanka. Shigo ka taɓa gurasa, sarkin tsatsa."

Nan gizo ke saƙar. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai an miƙo gurasa, wanda kuwa ya ci gurasar gida ba ya ɗaga labulen masu gida. Ya dawo ciki cike, hannu wofi.

Matarsa Burulkan na zaune tana sharce gashin tumaki fari tas, na dardumar auren 'yarsu Ainagul.

"Baban Ainagul, ka zauna mana. Sai zirga-zirga kamar kazar da ƙwai ya matsa."

"Akwai mai satar mini ruwa a gidan nan."

"Wane irin ruwa kuma?"

Kafin ta rufe baki har ya kai matakala.

Da abin ya ishe shi, sai ya samo garin rini kore, bai gaya wa kowa ba, ya juye cikin tukunya. Ya ce ɓarawo zai nuna kansa da hannunsa.

Kashegari da hantsi ihu ya tashi a bene. Ya haura da gudu, yana murna, har sai da ya lura ƙofar da mata suka cika tasa ce. Ɗakin Ainagul ne, inda ake tara kayan aure, ɗakin da uba ba ya leƙawa. Mata sun nannaɗe gashin cikin tabarmar kara, suna kwara ruwan zafi suna tattakawa don ya haɗe. Da suka warware, darduma ta fito koriya shar. Hannun Burulkan kore har gwiwa. Bayan akwati ga ɗan famfo yana ɗiga.

"Ke ce?"

"Ni ce! Buta nawa zan dafa kafin in jiƙa wannan? Dubi abin da ka yi wa 'yarka!"

"Ruwan da magani a ciki, mata! Ƙarfen gidan nan kike ci da ransa!"

"Ka taɓa zama ka faɗa mini? Kullum ƙeyarka nake gani."

"Wa ya ɗaura miki famfon?"

Esengul, da ya leƙo kallo, ya ja kansa baya sannu a hankali.

Toktosun ya ɗauko kayan aikinsa. Ya rufe layin ruwan, ya kwance famfon, ya toshe gurbin. Ya sauka ya cika tukunya ciko na ƙarshe, ya juye rabin jarkar nan duka, ya tsaya gaban allura kamar mai jinya. Ba ta motsa ba. Kashegari ma haka. Sannan ya girka wa mata babban kasko a tsakar gida, shi da kansa yake hura musu wuta, Esengul na faskare.

Bututu ya kai bazara. Da aka kwance gwiwar bututun da ke bakin tukunya, Toktosun ya danna ta da babban yatsa, ta lotsa kamar ɓawon ƙwai.

Dardumar kuwa haka aka kai ta, koriya. Surukai har suna tambayar inda aka samo rinin. Duk sanda ya je gidan Ainagul sai ta shimfiɗa masa ita, ta ce, "Baba, zauna kan aikinka." Ya dube ta, ya karɓi shayinsa, ya sha a tsaye.