Mijinyawa Mai Kogo

In ka ga Mijinyawa a bakin titin Gwarzo ba za ka ce yana iya kashe ko ƙuda ba. Gajere ne siriri, kullum da biro biyu a aljihun gaba, in ya kama gaishe ka kuwa sai ka ƙosa, don har awakin gidanku sai ya tambayi lafiyarsu. Amma ni Abdulmumini, da na shekara huɗu ina zama gabansa duk Asabar, na san mugu ne. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi. Muguntarsa irin ta mutumin da bai taɓa samun iko da kowa ba ce, sai rana ɗaya aka miƙa masa.

A Kabo aka haife shi, ɗa na shida a gidan wani mai awon hatsi. Ya karanta awon filaye, ya tafi bautar ƙasa can kudu, a can ne abokan ɗakinsa suka koya masa wani wasa na takarda da dayis. Ya dawo da takardar shaida da kuma wannan cuta. Aikin zanen taswira ya samu a wani ofis, ya shekara goma sha biyu a kujera ɗaya, waɗanda ya koya wa riƙe rula suna wuce shi suna zama shugabanninsa. A ofis "Malam Miji, miƙo fayil" ne. A bayan shagona kaɗai, inda nake sayar da maganin dabbobi, maganarsa take zama doka.

Ga yadda wasan yake. Mijinyawa ya zana wani kogo a ƙarƙashin ƙasa, hawa tara, kowanne ƙasa da wanda ya gabace shi, ɗakuna ɗari huɗu da 'yan kai. A bayan tsofaffin takardun awo ya zana shi, kuma ba ya bari kowa ya leƙa. Kowane ɗan wasa yana da jaruminsa a rubuce a takarda guda: sunansa, makaminsa, ƙarfinsa, da yawan ransa. Daga la'asar zuwa magariba Mijinyawa zai faɗa mana abin da ke gabanmu, mu ce ga abin da za mu yi, sai a jefa dayis biyu irin na lido, abin da ya fito shi ne hukunci. Mu muke zana tamu taswirar daga abin da muka ji a bakinsa, in mun yi kuskure ruwanmu. Yana lissafe da man fitilarmu, yana lissafe da guzurinmu. Mun taɓa ɓata wata biyu muna zagaye wuri ɗaya saboda Muhsin, malamin makarantar da ke riƙe mana taswira, ya zana hagu a inda aka ce dama. Mijinyawa yana gani, ya bar mu muna ta bulayi.

Dokarsa mafi muni ita ce ta mutuwa. In jaruminka ya mutu, ya mutu ke nan. Za ka miƙe tsaye, ka faɗi sunansa kowa ya ji, ka ce ya mutu, sannan ka yaga takardar da hannunka. Ni sau huɗu na yi. Maikuɗi mai gyaran babur, wanda ba ya ganin ƙofa bai banka ta ba, ya daina ƙirga nasa. Duk lokacin da wani ya miƙe, sai ka ga fuskar Mijinyawa ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Malam Uwaisu bai zo don wasa ba. Dattijo ne mai kusan shekara sittin, mutumin Lakwaya, iyayensa makiyaya, shi kuma ya zauna yana noma da 'yan shanunsa takwas. Maganin tsutsa ya zo saya, ya ji hayaniyarmu, ya leƙo. Asabar uku yana zama a gefen tabarma yana kallo. A ta ukun ne ya ce wa Muhsin, "Malam, ba a tunkarar dabba ta inda iska za ta kai mata warinka. Ku zagaya." Muka zagaya, muka tsira. Mijinyawa ya ɗaure fuska, ya zaro farar takarda ya ce in Baba ya iya haka, to ya shigo ciki.

Malam Uwaisu ya karɓi biro, ya rubuta sunan jaruminsa da ajami, ya turo mini takardar ya ce in karanta musu. Na duba. Mahbub ya rubuta.

Ni kaɗai a wurin na san ko wane ne Mahbub. Ɗansa ne na fari, saurayi mai shekara ashirin da biyu, wanda maciji ya sara a gonar dawa lokacin girbi, ya cika kafin a kai shi asibiti. Na je ta'aziyya. A gidajensu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa, in ya rasu ma ba a son a ga hawayensa. Ranar na ga Malam Uwaisu yana karɓar gaisuwa da busasshen ido, kai ka ce ɗan maƙwabci aka binne. Tun daga ranar suna har ranar jana'iza, sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba.

A kan tabarmata ma bai faɗa ba. "Mutumina zai duba ƙofar," haka yake cewa. Mu ne muke faɗa masa. Mahbub ya tsallake rami. Mahbub ya jawo Maikuɗi daga bakin dodo. Kai, Mahbub namiji ne! Duk lokacin da aka faɗa, sai dattijon ya sunkuyar da kai yana gyara bakin hularsa, yana murmushin da yake ƙoƙarin ɓoyewa. Abin da ke ɗauko shi daga Lakwaya a kan babur duk Asabar ke nan, da damina da rani, shekara biyu cur. Nan ne kaɗai wurin da ake yabon ɗansa a gabansa kuma kunya ba ta tashe shi ba.

Kuma ya iya kiwonsa. Mahbub ba ya taka wuri sai ya dungura da sanda, ba ya shan ruwan da bai ga wani ya sha ba, in fitila ta yi rabi sai ya ce a koma sama. Dukanmu mun mutu mun sake, shi yana nan da takardarsa ta farko, har ta yi laushi don ninkewa. Wannan ya tsaya wa Mijinyawa a rai. Na ji shi da kunnena yana cewa kogonsa ba kasuwa ba ne da mutum zai shiga ya fita yadda ya ga dama.

Nan na yi wautar da har yau take cina. Da muka sauka hawa na bakwai, na ga yadda yake kallon takardar nan, sai na tare shi bayan kowa ya watse.

"Mijinyawa, don Allah ka sassauta wa Malam Uwaisu. Sunan nan da ya sa, na ɗansa ne na fari. Ya rasu."

"Allahu akbar," in ji shi. "Shi ya sa ba ya faɗa?"

"Shi ya sa."

"Ciwo ya yi?"

"Maciji ne, a gonar dawa."

Ya girgiza kai, ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya naɗe takardunsa ya hau kekensa. Ni kuwa na rufe shago ina jin daɗin kaina, wai na yi aikin lada.

Asabar ta uku bayan nan, muka buɗe wata ƙofar ƙarfe. Mijinyawa ya gyara murya ya ce, "Kun shiga wani ɗaki mai faɗi. Cike yake da dammunan dawa, an jera su kamar yau aka girbe. A ƙarƙashin dami na tsakiya kuna hango ƙyallin mabuɗi."

Dawa a hawa na bakwai ƙarƙashin ƙasa? Na dube shi, shi kuwa takardarsa yake kallo.

"Mutumina zai dungura da sanda," in ji Malam Uwaisu.

"Ya dungura. Ba abin da ya motsa."

Na buɗe baki in ce a bar mabuɗin nan, amma ba ni da dalilin da zan bayar ba tare da na tona kaina ba. Maikuɗi kuma yana ta azalzala, wai Mahbub ne mafi kusa, ya ɗaga kawai.

"To, ya ɗaga," in ji dattijon.

"Kububuwa ce kwance a ƙarƙashi," in ji Mijinyawa, a hankali, yana jan kowace kalma. "Ta sare shi a hannu. Jefa, Baba. Bakwai ko sama, ya tsira."

Dattijon ya ɗauki dayis ya jefa. Ɗaya da biyu suka fito.

Muhsin ya yi tsalle ya ce jaruminsa yana da maganin dafi. Mijinyawa ya buɗe littafinsa ya nuna mana inda ya rubuta cewa maganin ya jiƙe tun ranar da muka ratsa ruwa a hawa na shida, kuma gaskiya ne, ya faɗa a lokacin, ba wanda ya kula. Maikuɗi ya ce zai goya shi ya fita da shi. Mijinyawa ya ce hawa shida ne a samanmu, dafin kuma ba zai jira ba. Muka yi ta kawo dabara yana kakkaɓewa, cikin natsuwa, ba ko ɗaga murya. Malam Uwaisu bai sa baki ba. Ya taɓa ganin wannan gardamar a bakin gona, ya san inda take ƙarewa.

"Malam Uwaisu," in ji Mijinyawa, "doka."

"Ka ji tsoron Allah," na ce. "Ni zan faɗa a madadinsa."

"Kai ka yi naka sau huɗu, ba wanda ya karɓar maka. Mai takarda ke faɗa."

Muhsin da Maikuɗi ba su san komai ba, har Maikuɗi yana dariya yana cewa yau dai Baba ya shigo sahu. Da na faɗa musu gaskiya a nan take, na san da sun tashi wasan. Ban faɗa ba. Tsoro nake kada dattijon ya gane ta bakina maganar ta fita.

Malam Uwaisu ya dafa gwiwa ya miƙe. Yana iya ɗaukar takalmansa ya tafi, amma shi mutum ne da in ya shiga abu da sharaɗi ba ya gudun sharaɗin. Leɓɓansa suka motsa, wani abu ya fito ƙasa-ƙasa.

Mijinyawa ya kai hannu bayan kunne. "Ban ji ba, Baba. Injin niƙan can ya cika ƙara."

"Mahbub," in ji Malam Uwaisu. Muryarsa ta karye a tsakiyar sunan. Ya sake. "Mahbub ya mutu."

Sai hawayen da bai zubar ba a Lakwaya suka zubo a bayan shagona, gaban buhunan dusa, gaban mutanen da duk ya girme su. Ya yaga takardar gida biyu, ya ajiye a kan tabarma a hankali. Dariyar Maikuɗi ta tsaya. Mijinyawa kuwa ya zaro sabuwar farar takarda ya tura gabansa, har da ɗora biro a kai.

"Ga wata, Baba. Wane suna za a sa?"

Malam Uwaisu ya goge fuska da hannun riga. Ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, har Mijinyawa, ya ce a gaida gida, ya tada babur ɗinsa ya tafi. Bai sake taka shagona ba.

Na tsani Mijinyawa ranar, tsana ta gaske. Na tambaye shi ko ɗakin dawar nan yana cikin zanensa tun asali, sai ya ce in na kai hawa na tara zai nuna mini taswirar duka. Na rantse masa ba zai sake zama a bayan shagona ba. Na yi kaffarar rantsuwar nan, don da Asabar ta zagayo ni da kaina na share wurin na shimfiɗa tabarma. Shekara huɗu na zuba a kogon nan, ina son in ga ƙarshensa. Yana nan har yau, a kujerarsa ta ofis, da biro biyunsa, ya ma samu sababbin 'yan wasa biyu daga Sabon Birni.

Sai bayan wata biyar na iya zuwa Lakwaya. Na tarar da Malam Uwaisu a gindin wata ɗorawa yana gyaran igiyar shanu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya sa aka kawo mini fura da nono. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ba komai, Abdulmumini. Wasa ne." Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, "Tun ranar da aka raɗa masa sunan nan nake riƙe da shi a bakina. Ban kira shi da shi ya amsa ba ko sau ɗaya. Da na tashi faɗa, ka dai ji abin da na faɗa."

Na rasa inda zan sa idona, na zuba shi a cikin ƙwaryar furar.

"Abu ɗaya ne yake damuna," in ji shi. "Yaron nan mai kogo ɗan Kabo ne, bai san gidana ba. Kai da kake zaune da shi, ko ka san wanda ya gaya masa maciji ne?"

Na ce masa wallahi ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya ce in ƙara furar, hanya da nisa.