Akwatin Kawu Mai Juya Sauti

Kawuna, ƙanen Inna, shi kaɗai ne makaɗi a danginmu. Da ƙuruciyarsa ya shiga ƙungiyar kiɗa a wani otal a Kano, da ta watse ya dawo Unguwar Tudu ya kama noma. Abin da ya dawo da shi tsohuwar fiyano ce mai aiki da lantarki, irin wadda ake kira ogan, da wani akwatin katako wanda sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi.

Daɗin duk a akwatin yake. Yana da tsaga-tsaga sama da ƙasa, in ka leƙa za ka ga wani ƙaho yana juyawa a ciki. Kawu yakan ce muryar fiyanon ita kaɗai lami ce, ƙahon ne ke wurga sautin ya bugi wannan bango ya dawo ya bugi wancan. Shi ya sa ba ya kiɗa a fili, sai a kusurwar tsakar gida. In ya bar ƙahon a hankali, sautin ya riƙa lilo kamar ana rarrashin jariri. In ya ture wani ɗan maɓalli da hannun hagu, ƙahon ya ɗau gudu, muryar ta hau rawa har tsigar jikinka ta tashi. Ni na fi son tsakanin biyun, lokacin da yake ƙara gudu bai kai ba tukuna. Har yau ban ji abin da ya kama ƙafarsa ba.

Lokacin da aka sa bikina, kunnen Kawu ya riga ya yi nauyi. Gwaggo, yayar Baba, ta ce a ɗauko mai kiɗan zamani, kada tsoho ya ba mu kunya a gaban dangin ango da za su zo daga Kabo. Na ce in ba Kawu ba, a yi wunin shiru. Inna ta ce amarya ba ta da baki, amma ta bar ni. Ni ma a tsorace nake, don in ya kuskure shi za a yi wa dariya.

A gidan biki duk abin da ya tsufa ɓoye shi ake yi. Bayan la'asar aka tada janareta, Kawu ya zauna, akwatin yana bayansa. Matan Kabo na yin sallama Gwaggo ta hango koɗaɗɗen katakon nan, ta yi wuf ta lulluɓe shi da sabon bargo har ƙasa, ta ɗora fulawar roba a kai.

Kawu ya fara. Sautin ya fito a shaƙe kamar mai mura. Baƙi suka fara kallon juna. Sai ya ɗauke hannunsa, ko waiwaye bai yi ba.

"Wa ya rufe min akwati?"

"Gyara muka yi, Malam," in ji Gwaggo da ƙarfi.

"Hajiya, a yaye masa, ya sha iska."

Aka yaye. Ya danna, ya bar ƙahon ya yi lilo, sannan ya sake shi da gudu. Sautin ya zagaye gidan, ba ka iya cewa ga inda yake fitowa. Wata tsohuwa daga Kabo ta rangaɗa guɗa, Gwaggo da kanta ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili. Ni kuwa ina cikin mayafi ina kuka, ba na amarci ba, na alfahari.

Kafin a tafi da ni na je na durƙusa a gabansa. Na ce, "Kawu, ashe kunnen da sauransa." Sai da na maimaita a bakin kunnensa, ya yi dariya.

"Wane kunne, 'yar nan? Iskar ƙahon ce ban ji a ƙeyata ba. Na daɗe rabona da jin muryarsa, fuskokin mutane nake kallo." Sai ya rage murya. "Ke faɗa min tsakaninki da Allah, ya yi daɗi?"

Na buɗe baki, sai na fasa. Na ɗage mayafi na gyaɗa masa kai sosai, yadda zai gani.